Murfin Akwatin Baba Tsoho

A bakin hanyar da nake bi zuwa wurin aiki a Kalgo akwai garejin masu gyaran babura. Kullum da safe sai sun juye baƙin man da suka tsiyaye daga injuna cikin wani tsohon galan, warinsa ya biyo iska ya tare ni. Mutane suna wucewa abinsu, babu mai ko toshe hanci. Ni kuwa har yau sai gabana ya faɗi. Na san babu dalili, na kuma sha gaya wa kaina haka. Amma da warin ya shiga hancina sai in gan ni 'yar ƙarama, ba takalmi, a bakin ƙofar wani ɗaki a gidanmu na Gwandu, ina leƙen abin da ya fi ƙarfin idona.

Labarin kakana zan ba ka, mahaifin babana, wanda muke kira Baba Tsoho. Sai dai ka yi mini uzuri tun yanzu. Wasu abubuwan na gani da idona, wasu ji na yi, wasu kuma ban tabbata ba ko gani na yi ko yawan jin su ne ya sa nake zaton na gani. Inda nake shakka zan faɗa.

Asalinsa ba ɗan Gwandu ba ne. Daga ƙasar Zuru ya fito, ya shiga soja da ƙuruciyarsa, aka kai shi yaƙi can kudu, ya dawo da tabon harsashi a cinya da sana'ar kafinta da ya koya a bariki. Aikin rufin wata makaranta ya kawo shi Gwandu. Aka gama rufin, leburori suka watse, shi ya zauna. Ya ɗauko kakata, wadda muke kira Iya, suka kama gida a gefen gari, ya kafa rumfar aikinsa a ƙofar gida. Duk unguwa Soja ake ce masa. Ƙofofin gidaje da yawa a wannan unguwar aikinsa ne, haka bencinan makaranta da gadajen amare. Ko makarar masallacin unguwa, wadda ake ɗaukar gawa a kai, in ta yi lanƙwasa wurinsa ake kawo ta.

Mu Kirista ne, kuma ba mu da yawa. Majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano a bayan gari, masu zuwa cikinta yawanci baƙi ne da aiki ya kawo: malaman makaranta, 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa kaɗan. Zan yi wa maƙwabtanmu ƙarya in na ce sun taɓa cutar da mu. Ranar sallah gidanmu yakan cika da nama da waina, ranar Kirsimeti mu ma mu bi gida-gida da shinkafa. Duk da haka, in rediyo ya kawo labarin tashin hankali a wani gari mai nisa, nakan ga uwata ta rage murya, ta kira mu cikin gida tun rana ba ta faɗi ba. Baba Tsoho kaɗai ne ba ya canza komai. Yana nan a rumfarsa da zartonsa, fensir a bayan kunne. Na taso ina ganin babu abin da ke ba mutumin nan tsoro a duniya.

A cikin gida, kusa da madafa, akwai ɗakin ajiya marar taga. Can ciki, bisa wasu duwatsu huɗu, akwatin gawarsa yake. Shi ya ƙera abinsa da hannunsa, daidai tsawonsa, ya shafe shi da baƙin mai ciki da waje saboda gara. A garin da kusan kowa Musulmi ne babu mai bukatar akwatin gawa, don haka babu wanda ya iya ƙera shi sai shi kaɗai. Yakan ce in bai yi wa kansa ba, wa zai yi masa? Ga manya magana ce mai ma'ana. A wurina kuwa, a gidanmu akwai ɗakin da mutuwa take zaune tana jira, kuma sai na wuce ta ƙofarsa in zan je madafa. Nakan riƙe numfashi in ruga.

Iya ba ta ɗauki abin da nauyi ba ko kaɗan. Da ta lura ƙwari ba sa kusantar akwatin, sai ta riƙa ajiye buhunan wakenta a ciki bayan girbi. Rumbuna, haka take ce masa.

Wata rana da bazara, bayan azahar, lokacin da zafi yake sa ko kaji su buɗe baki su kwanta a gindin randa, Iya ta aike ni ɗakin in ɗebo mata wake. Na yi ta kewaye-kewaye har ta daka mini tsawa. Na tura ƙofar, haske ya shiga. Buhunan waken suna ƙasa, murfin yana jingine da bango, Baba Tsoho kuma yana kwance a ciki, miƙe, hannuwansa bisa ƙirji, idanunsa a rufe. Kwanon da ke hannuna ya faɗi. Na buɗe baki, ihun ya ƙi fita.

Sai ya buɗe ido ɗaya.

"Amarya," ya ce, don haka yake tsokanata, "haka ake zuwa gaisuwar mutuwa? Hannu rabbana, ko goro babu?"

A nan ihun ya fito. Iya ta shigo da muciya a hannu, ta dube shi, ta dube ni.

"Tsohon nan, kana da lafiya kuwa? Fito mini daga rumbu! In za ka mutu ka mutu, amma ba ka zubar mini da wake ƙasa ba."

"Gwaji nake," in ji shi, yana tashi da ƙyar. "Kafaɗa ta matse. Tuwonki ne ya jawo."

Su biyun suka yi ta dariya. Ni kuwa na daɗe ban ƙara cin wake ba.

Abin da ya ƙara mini tsoron shi ne, akwatin ba ya daɗewa a ɗakin. In wani daga cikin 'yan majami'armu ya rasu, musamman da zafi, gawa ba ta jira. Sai ka ga fasto ya zo ƙofar gida da wasu maza biyu, sun tsaya suna sunkuyar da kai, sun kasa faɗin abin da ya kawo su. Baba Tsoho ba ya bari su faɗa. Yakan shiga ya sauke waken Iya, ya ce su ɗauka. Haka wani malamin makaranta ya tafi a cikin akwatinsa, haka matar wani ɗan sanda, haka wani mai sayar da kayan babur da ba shi da kowa a garin. In mamacin gajere ne, a cike wajen ƙafa da zane. Bayan kwana kaɗan sai ka ji zarto ya fara kuka a rumfa, warin baƙin mai ya cika gida, sabo ya hau kan duwatsun nan.

Yayana ne ya fara faɗa mini, muna wanke-wanke. Ya ce in lura da kyau, duk lokacin da Baba Tsoho ya gama akwati ya ɗora masa murfi, ba a daɗewa sai wani ya mutu. Ya ce akwatin ba ya son zama da yunwa, in mai shi ya ƙi shiga sai ya nemi wani. Ina zaton tsokana ce kawai irin ta yayye, shi ma yanzu ya ce bai tuna ya faɗi haka ba. Amma maganar ta shiga kaina ta zauna. Ranar Lahadi, ana waƙa a majami'a, ni ina bin fuskokin mutane da ido, ina tunanin wa akwatin ya zaɓa.

Akwai mutum guda da nake ganin ya san abin da na sani. Ɗan maƙwabcinmu ne, Musulmi, wanda ubansa ya kawo shi rumfar koyon aiki tun kafin a haife ni. Lokacin da na yi wayo ya riga ya zama magidanci, mu yara kuma Kawu muke ce masa. In aka kira salla, Baba Tsoho yakan karɓe zarton daga hannunsa ya ce, "Tafi, Mai kiranka ya fi ni." Komai tare suke yi, ban da akwati. Ranar da za a fara aikin akwati sai Baba Tsoho ya tura shi kafa ƙofa a wani gida, ko gyaran benci a makaranta. Ni na ɗauka Kawu gudu yake don tsoro. Sai da na girma na gane Baba Tsoho ne ba ya so a yi da shi a gari, a ce ɗan Musulmi ya koma ƙera wa Kirista akwatin gawa.

Daminar da uwata ta kwanta, ina aji uku ko huɗu na firamare, ban riƙe daidai ba. Zazzaɓi ne ya kama ta bayan ta haifi autarmu. An kai ta asibiti an dawo da ita, ana zuwa gida ana yi mata allura, amma kullum ƙara ramewa take. Ɗakinta yana warin magani da danshi. Ruwa yana ta zuba, kwaɗi suna kuka a kududdufin bayan gida, gero ya yi tsawo har ya rufe hanyar majami'a. Mata suna shigowa su fita suna magana ƙasa-ƙasa, in sun gan ni su yi shiru. Ga shi kuma ba a daɗe da ɗaukar akwatin ba, Baba Tsoho yana kan ƙera sabo. Kullum ina kallonsa yana tashi, gefe ya haɗu da gefe, ƙasa ta shiga. Wata safiya na fito na ga an gama shi an shafe shi da mai. Murfi kaɗai ya rage, katakonsa yana shimfiɗe bisa teburin aiki, Baba Tsoho yana ja masa layi da fensir.

Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Ana yayyafi, na ratsa tsakar gida, na shiga rumfar, na haye teburin na zauna daram bisa katakon.

"Amarya, sauka, za ki ɓata mini layi."

Na ƙi motsi. Ya dube ni da kyau.

"Mi ya faru?"

"Kada ka yi murfin," na ce. "In ka yi, Mama zai ɗauka."

Na zaci zai yi dariya, ko ya kira yayana ya zane shi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya mayar da fensirin bayan kunne, ya jawo kujera ya zauna, fuskarsa daidai tawa. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga daga bakin kwano. Sannan ya faɗa mini abin da ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba, kuma bai ƙara maimaita shi ba. Ba zan iya kawo maka kalmominsa ɗaya bayan ɗaya ba, ga dai abin da na riƙe. Ya ce a wurin yaƙi, cikin irin wannan ruwan, an sa su binne abokansu. Babu akwati, babu likkafani, ko bargon rufa su bai isa ba. Rami ɗaya, shebur a hannu. Akwai wani ɗan garinsu a ciki, wanda suka shiga soja rana ɗaya, idonsa bai gama rufuwa ba. Shi ne ya zuba masa shebur na farko, jar ƙasa mai laka, a fuska.

"Harsashi bai ba ni tsoro ba," in ji shi. "Mutuwa ma, na san inda za ni. Amma ƙasa a fuska, amarya. Shi kaɗai nake gudu."

Ban taɓa sanin babba yana da abin tsoro ba, balle shi. Hannunsa da ke bisa gwiwarsa na ga yana ɗan motsi. Amma ni yarinya ce, uwata tana kwance, tsorona ya fi mini nasa girma. Na ce, "Duk da haka kada ka yi."

Ya numfasa. "Akwati ba ya kiran kowa, katako ne. Amma na ji. Ba zan yi murfin nan ba sai ranar da kika ce a yi, ke da bakinki. Maganar soja ce. Sauka."

Katakon da ya ja wa layi, benci ya yi da shi. Akwatin ya koma ɗakin ajiya baki buɗe, Iya ta riƙa rufa masa tabarma.

Uwata ta tashi. A hankali ta fara shan kunu, ta fara zama, kafin gero ya nuna tana fita tsakar gida. Yau na san magani ne da ikon Allah, na yi karatun da zan san haka. A lokacin kuwa babu mai gaya mini ba ni na cece ta ba.

Daga nan akwatin bai ƙara barin gida ba, don ba ya amfanar kowa ba murfi. In an yi rasuwa sai Baba Tsoho ya ƙera sabo cikin gaggawa, da murfinsa, a ɗauka daga rumfa kai tsaye. Mutane ba su daina mutuwa ba. Iya ma ta tafi ina makarantar sakandare, shi ya ƙera nata, bai bar kowa ya riƙe masa ko ƙusa ba. Ina ganin duk wannan, ya kamata in gane. Na gane da kaina, amma cikina bai gane ba.

Duk Kirsimeti, bayan an ci an sha, yakan kira ni gefe ya ce, "Amarya, a yi?" In ce, "Ba yanzu ba." Ya yi dariya ya ce wannan amarya ta fi kwamandansu tsanani. Haka muka yi ta yi, shekara bayan shekara, har na shiga jami'a a Kalgo, har na gama na kama aiki a nan. Shi kuwa ya yi ta rayuwa. Ya binne duk sa'o'insa, ya ga tattaɓa-kunne. Ba mu san shekarunsa daidai ba, shi ma bai sani ba, amma babana yana ganin ya haura casa'in. Farar yana ta rufe masa ido, ganinsa ya ragu. Hannun da na ga yana motsi ranar nan ya koma rawa sosai, har kofin shayi sai an riƙe masa. Rumfar ta koma hannun Kawu, wanda ya je Makka ya dawo, gari yana ce masa Alhaji.

Wata rana a ofis, ina tsakar aiki, abin ya faɗo mini kamar an watsa mini ruwan sanyi. Mutumin da ba ya iya riƙe kofi, yaya zai riƙe zarto? In ya mutu yau, da me za a rufe shi? A makon nan na kasa cin abincin kirki. Ranar Asabar na shiga mota na tafi Gwandu.

Na same shi a kan kujerarsa a inuwar rumfa, yana sauraron Kawu yana aiki. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na zo da magana. Tun a mota nake shirya ta. Amma da na buɗe baki sai warin ɗakin nan ya dawo mini, da fuskar uwata bisa matashi. Na ce, "Baba Tsoho, murfin nan, ina ganin wataƙila, ko za a yi shi kawai." Muryata tana karkarwa kamar ta mai jin sanyi.

Ya juyo da kunnensa wajena. "Wa ya yi magana? Alhaji, ka ji wani abu? Ni kamar kukan ɗan akuya na ji."

"Da gaske nake."

"Na sani. Amma a soja ba a bin umarnin da aka bayar murya tana rawa. Mai bayarwar bai yarda da shi ba, yaya mai bi zai yarda? In na sa aka yi shi yau, gobe uwarki ta yi ko tari, ba za ki ƙara barci ba. Je ki. Ranar da za ki faɗa a tsaye, ki dawo."

Na roƙe shi, ya canza magana, ya tambaye ni ko har yanzu babu wanda ya zo ya ƙwace masa ni. Na sake gwadawa sau biyu ko uku bayan wannan. Kowane karo sai ya saurara da kyau, ya girgiza kai. Ina zargin wani lokacin ma tsokana ce, amma ba zan rantse ba.

Ranar Juma'a ya rasu, da hantsi, a tsakiyar bazara. Babana ya kira ni a waya. Hanyar Gwandu ba ta taɓa yi mini nisa kamar ranar ba. Iska mai zafi tana shigowa ta tagar motar, ni kuwa abu ɗaya nake gani, jar ƙasa a kan shebur.

Na isa bayan an sauko daga masallaci. Ƙofar gida cike da mutane, 'yan majami'a da 'yan unguwa. Ba wutar lantarki da za a adana gawa, zafi ya kai inda ya kai, fasto ya ce dole a binne kafin rana ta faɗi. Samarin unguwa sun riga sun tafi haƙa kabari. An fito da akwatin tsakar gida, baƙi, baki buɗe. Babana ya tare ni, idonsa ja. Ya ce ya so a aika birni a sayo wani akwatin, an ce ba zai iso a kan lokaci ba. Ya so a buga masa silin ko fallen kwano, aka ce nauyin ƙasa zai fasa shi. Ya nuna mini rumfa da hannu.

"Je ki ji da Kawunki. Ya ce zai yi, amma ya zauna ya ƙi taɓa komai. Rana tana tafiya."

Kawu yana zaune a kujerar Baba Tsoho, da farar rigarsa ta Juma'a, zarto bisa cinyarsa. Gemunsa ya yi fari, ban lura ba sai ranar. Ya ce mini Baba Tsoho ya daɗe da ba shi wannan aikin, har katakon da za a yi da shi ya nuna masa. Sharaɗi ɗaya ya kafa.

"Ya ce sai kin ce a yi. Kuma ya ce in saurara da kyau."

Na buɗe baki. Abin da ya fito ko ni ban ji shi ba. Kawu ya sunkuyar da kai, bai motsa ba. Bayana ina jin mutane suna gunaguni, wata tana tambayar me ake jira. Inuwar rumfar ta fara miƙewa zuwa gabas. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Tsoron yarintata yana ja na ta nan, uwata tana zaune cikin mata da furfurarta, ina ganinta. Tsoronsa kuma yana ja na ta can, kuma shi ba shi da bakin da zai ƙara tambayata.

Na shiga ɗakinsa. An wanke shi, an sa masa tsohon kakinsa da ya yi masa yawa, yana kwance bisa gado hannuwansa a ƙirji, kamar ranar waken. Na tsaya ina jira ya buɗe ido ɗaya. Iskar bazara ta shigo ta taga da 'yar ƙura, ta sauka masa a goshi da gira. Kaɗan ce, wani ba zai ma gani ba. Na sa bakin gyalena na share masa. Na sake sharewa, har sai da na tabbata babu ko ƙwaya.

Na fito na tsaya a gaban Kawu, na ce, "Kawu, a yi murfin."

Ya dube ni ɗan lokaci. Sannan ya miƙe, ya tuɓe rigarsa ya rataye a ƙusa, ya juya ga teburin aiki. Shi ne katakon da aka nuna masa, saman teburin da Baba Tsoho ya yi aiki a kai tun zuwansa Gwandu, katakon icen maɗaci mai kauri, wanda na taɓa hayewa. Ya fara zare ƙusoshinsa.

Wani dattijo daga cikin maƙwabta ya matso ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Alhaji, kai da kanka? Akwatin gawa?"

Kawu bai ɗaga kai ba. "Malam, in mun kai namu, ba itace muke jerawa a kansa ba kafin mu tura ƙasa? Ka taɓa ganin mun zuba wa wani a fuska? To, itace zan jera mishi. Riƙe mini nan."

Dattijon ya naɗe hannun rigarsa ya riƙe.

Kawu bai goge saman katakon ba. Da shaidar zarto, da ramukan ƙusa, da zoben da kofin shayi ya bari, haka aka ɗora shi. Murfin ya zauna daidai, ko tsinke ba zai shiga ba. Maza shida suka ɗauka suna nishi saboda nauyi. A maƙabartarmu ta bayan gari, maƙwabta suka tsaya daga gefe ana addu'a, rana ta yi ja. Da aka ɗebo shebur na farko na matsa bakin ramin, ko da yake an ce mata su ja baya. Ina so in ji da kunnena. Ƙasar ta faɗa bisa maɗacin, ta yi ƙara mai nauyi kamar an buga ƙofar gidan da aka kulle da kyau.

Yanzu babu mai ƙera akwati a Gwandu, iyakar sanina. In an yi rasuwa waya ake bugawa, mota ta kawo shi daga birni, mai sheƙi, da mariƙai masu ruwan zinariya. Ba na cewa wannan ba shi da kyau, wataƙila ma ya fi sauƙi ga masu makoki. 'Ya'yan Kawu da injin lantarki suke aiki, in akwai wuta. Ƙafafun teburin nan huɗu suna nan a kusurwar rumfa, ba a yi musu sabon sama ba, ban kuma tambayi dalili ba. Uwata tana nan da ranta, jiya ma mun yi waya, tana yi mini faɗa a kan rashin cin abinci.

Ni ban canza sosai ba. Har yanzu sai na koma na duba ƙofa bayan na kulle ta, har yanzu gabana yana faɗuwa a bakin garejin nan. Abin da ya ragu shi ne, na daina riƙe numfashi in ruga. Nakan rage tafiya, in bar warin ya shiga, in jira har ƙarar ƙasar nan bisa katako ta dawo mini a kunne. Daga nan sai in gaishe da masu garejin, in wuce aiki.